Delu Marar Kunya

Ƙwat. Ƙwat. Ƙwat.

Wannan 'yar ƙarar ce ta jawo labarin, ƙarar da maƙogwaron jariri ke yi idan ya kama nono yana haɗiya. Muna zaune a ɗakin Iya, kakarmu ta wajen uba, a ƙauyenmu da ke gefen Tsiga, damina ta yi tsakiya. An idar da sallar isha'i, yayyafi na sauka a kan jinka, mu kuma mun kewaye 'yar wutar da take hurawa a kasko saboda sauro da sanyin ruwa. Sabuwar masara ta fito. Iya na juya ta a bakin garwashi da yatsunta, kamar ba wuta take taɓawa ba. Innarmu ta shigo da ƙanena Bashir, wanda bai daɗe da fara zama ba, ta rakuɓe a bakin ƙofa, ta ɗan juya baya tana ba shi nono, don har ta tsufa ba ta taɓa sakewa a gaban uwar mijinta ba.

Muna cikin gardamar wanda zai ci masarar da ta fara nuna, sai Iya ta ɗaga hannu.

"Ku rufe mini baki, maigidana na cin tuwo."

Haka take kiran duk jikokinta maza, maigida, ta ce su ne masu cefane amma ko barkono ba su taɓa kawo mata ba. Muka yi shiru muna ƙunshe dariya. A cikin shirun nan muka ji shi sarai, ƙwat, ƙwat, yana haɗiya yana numfashi. Iya ta lumshe ido kamar mai sauraron karatu. Ta ce ta ji kiɗan kalangu, ta ji guɗar biki, ta ji saukar ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, amma duk duniya ba ta san sautin da ya kai wannan daɗi ba.

Ni ce na fi kusa da Inna. Hasken wuta na bugun kan Bashir, sai na lura da wani ɗan wuri a tsakiyar kansa yana motsi a hankali, sama da ƙasa. Na tambaya ko ciwo ne.

"Maɗiga ke nan, Uwata," in ji Iya. "Kowa da ita ya zo, sai ya yi wayo take rufewa. Ke da kike tambaya, ai a kan wurin nan aka kusa rasa ki tun kafin a haife ni."

Sunan mahaifiyarta aka sa mini, Hadiza, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Mun saba idan za ta yi mana tatsuniya sai ta ja mana rai, mu roƙa, mu yi mata tausa. Ranar nan ba ta jira roƙo ba. Ta ce wannan ba irin na dabbobi masu magana ba ne, daga bakin kakarta ta ji shi, kuma kakar tata ce ta cikin labarin.

Ta ce a zamanin nan Turawa ba su zo ba, ba a san jirgin ƙasa ba, Funtuwa kanta ba ta kai a kira ta gari ba, Maska ake zuwa cin kasuwa da kai zare marina. Mutanenmu suna zaune a wani ƙaramin gari mai ganuwa, wanda yanzu ya zama kufai, sai kukoki suka rage. Maza kan fita gona da fartanya a kafaɗa da kwari a baya saboda mahara. Idan yaro ya kwanta ciwo, ba wurin zuwa sai wajen tsofaffin gida, da wanzami, da addu'a.

A garin nan aka kawo wata yarinya aure, sunanta Delu. Kowa ya shaide ta da kunya. Da Allah ya ba ta haihuwar fari, ta haifi mace, aka sa mata Hadiza, sai kunyar ta ninku, don a al'adar mutanenmu uwa ba ta nuna ta san ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi a gabanta sai ta kawar da kai wani ya ɗauka. Delu ta riƙe wannan fiye da kowa. Idan za ta ambaci ɗiyar sai ta ce "yarinyar nan." Uwar mijinta, Gwaggo Yalwa, ita ke goya jaririyar tun safe, sai lokacin shan nono ta miƙa ta ta bayan asabari, ta tsaya ta karɓe. Iya ta ce kada mu ɗauka Gwaggo Yalwa muguwa ce. Ta binne 'ya'ya da yawa da hannunta, ga jikar nan ta zo mata kamar an mayar mata da ɗaya, ko ƙuda ba ta so ya sauka a kanta.

Da damina ta zagayo, yarinya ta fara rarrafe tana kai komai baki, sai gudawa ta kama ta, ga amai. Aka ce haƙori ne, zai wuce. Bai wuce ba. Kwana biyu idanunta suka zurma, leɓɓanta suka bushe, ta daina yi wa kakarta dariya. Da Gwaggo Yalwa ta shafa kanta ta ji maɗiga ta faɗa ciki kamar an danna da babban yatsa, sai ta zauna daɓas a ƙasa, don haka ta ga kan nata 'ya'yan kafin su tafi.

Tsofaffin unguwa suka taru. Suka ce abu biyu ne. Na farko maɗiga ta faɗa, sai an ɗaga ta. Aka niƙa sassaƙe da jar kanwa, aka kwaɓa da man shanu, aka lafta a tsakiyar kan. Na biyu kuwa, suka ce duk abin da aka zuba wa yarinyar nan shi ke fitowa, saboda haka a daina zubawa ciki ya huta. Wata ta ce a ma duba nonon uwar, wataƙila shi ya ɓaci. Aka sa Delu ta tatsa a ludayi, aka kamo cinnaka aka jefa. Idan ya fita, nono lafiya lau. Idan ya mutu, da guba. Cinnaka ya yi ta mutsu-mutsu har ya yi shiru.

Nan Iya takan tsaya ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya. "Ku faɗa mini, wane cinnaka ne za a jefa a ruwa mai zurfi ya fito? Ko a zuma ne ai nutsewa zai yi."

Aka raba Delu da ɗiyarta. Aka kai yarinyar ɗakin Gwaggo Yalwa, aka ce uwar ta sha jiƙo tukuna a ga hali. Me Delu za ta yi? Ɗiyar fari ce, kuma manya sun yanke. Ta ci gaba da surfe da tankaɗe kamar ba abin da ya same ta, tana jiyo kukan daga ɗakin tsohuwa. Da farko kuka ne mai ƙarfi. Wayewar gari ya koma kamar na ɗan akuya daga nesa. Da hantsi kuma sai ta daina jinsa gaba ɗaya. Ga ƙirjinta ya cika ya yi tauri, nono na tsiyaya yana jiƙa mata zane.

Ta zagaya bayan ɗaki don kada a ga hawayenta. A can ta shuka duma a jikin darni, tana so ta samu ƙwarya da kaka. Ya yi yaɗo, ya zuba 'ya'ya sumul-sumul. Sai ta ga guda ɗaya a ƙasa, wanda akuya ta tsinke daga jikin yaɗon kwanakin baya. Ta ɗauka. Ya yi yaushi, fatarsa ta yamutse, samansa ya lotsa ciki. 'Yan'uwansa da ke jikin uwar kuwa ko ɗaya bai lotsa ba. Ta daɗe tana juya shi a hannu. Wannan duman, ko duk man shanun garin aka lafta masa, ba zai taso ba. Ba daga sama abin ya same shi ba, ruwan da ke shigarsa ne aka yanke.

Iya ta ce kakarta ta gaya mata ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta ba. A ƙofar ɗakin Gwaggo Yalwa ga surukinta, uban mijinta, zaune a kan buzu yana jan carbi. Ga mijinta tsaye. Ga wanzami an kira shi ya zo ya yi wa yarinyar tsaga. Ga matan unguwa cike da ɗaki. Delu, wadda ba a taɓa jin muryarta a gaban surukinta ba, ta ratsa su ko durƙusawa ba ta yi ba, ta tsaya a kan tsohuwa ta miƙa hannu biyu.

"Gwaggo, ba ni Hadiza."

Wata tsohuwa ta riƙe baki ta ce yau ga abin da ba a taɓa gani ba, uwa ta kama sunan ɗiyar fari gatsau a gaban surukai. Gwaggo Yalwa ta ƙanƙame yarinyar ta ce nonon ne zai ƙarasa ta, kowa ya ga cinnaka. Delu ta ce ita dai a ba ta. Ta ce in mutuwa ce, ta mutu da abu a cikinta, kada ta koma ga Allah da ƙishirwa alhali ga abincinta yana zuba a ƙasa.

Tsohon ne ya raba gardamar daga inda yake zaune. Ya ce wa matarsa, "Yalwa, miƙa mata. Wanda ya halicci yarinyar shi ya ajiye abincinta a can, ba cinnaka ya tambaya ba." Ya sallami wanzami da goro.

Delu ta zauna nan tsakar ɗaki a gaban kowa ta sa ta a ƙirji. Yarinyar ba ta da ƙarfin kamawa, bakinta a buɗe kawai yake. Sai uwar ta riƙa tatsa mata ɗigo-ɗigo a gefen harshe, tana shafa mata maƙogwaro da yatsa, tana kiran sunanta a hankali kamar tana biyan duk kiran da ba ta yi ba tun haihuwa. Na farko ya gangaro ta gefen baki. Wani ya shiga, ta amayo shi. Matan suka ce kun gani ko. Delu ta goge, ta ɗan jira, ta sake. Ɗaya bayan ɗaya suka gaji suka tafi gidajensu, ya rage daga ita sai tsohuwa. Aka yi azahar tana ɗiga mata. Gwaggo Yalwa tana gefe ta haɗa kai da gwiwa. Can wajen la'asar, gari ya yi shiru, sai suka ji.

Iya ta sa yatsa a wuyanta. "Ƙwat."

Ta ce tsohuwar ce ta fara fashewa da kuka. Ta tashi da kanta ta hura wuta, ta tafasa ruwa, ta dama tsinkakken kunun gero da ɗan gishiri, ta zauna tana fifita shi. Daga nan suka riƙa karɓa-karɓa, uwa ta ba da nono, kaka ta ɗiga kunu da bakin ludayi. Gudawar ba ta tsaya nan take ba, amma duk abin da ya fita sai su mayar da wani. Washegari Gwaggo Yalwa ta ɗora yarinyar a cinya, sai ta ji ɗumi ya ratsa zanenta. Ta fito tsakar gida tana nuna wa kowa jiƙaƙƙen zanen, tana cewa ta yi fitsari, wallahi ta yi fitsari. Iya ta ce tun da aka kafa garin ba a taɓa murnar fitsari irin ta ranar nan ba. Da suka wanke laftaccen maganin da ke kanta, sai ga maɗiga ta taso daidai, tana bugawa.

Mu yara abin da ya fi ba mu dariya shi ne fitsarin. Amma ni na tambaya ko an yaba wa Delu. Iya ta ce ina, suna ma aka laƙa mata. Har ta tsufa, a bakin rijiya da gidan biki, Delu Marar Kunya ake ce da ita, iyaye na gargaɗin 'ya'yansu kada su yi halinta. Ita kuwa sai ta amsa da murmushi, ta ci gaba da kiran ɗiyarta da sunanta har ƙarshen rayuwarta.

"Da ta ji kunya ranar nan," in ji Iya, tana karya masara tana miƙa mana, "da babu uwata, babu ni, babu ubanku. Sai ku nemi mai gasa muku."

Inna tana bakin ƙofa, Bashir ya yi barci a hannunta. Na ga ta sunkuyar da kai tana kallon yayanmu, ɗan farinta, wanda yake gyangyaɗi a jikin bango. Da za mu fita sai ta yafa masa gefen mayafinta saboda yayyafi.

Iya ta rasu ina aji biyu a sakandare, Allah ya jiƙanta da rahama. A makaranta an koya mana abin da gudawa ke yi wa jikin yaro, na rubuta a jarrabawa na ci. Na ɗauka na gama da labarin Delu, ya zama na mutanen da.

Sai da aka yi mini aure a Funtuwa, na haifi Aisha, na haifi Sadiƙ. Yana wata takwas, cikin damina, gudawa ta kama shi. Maigidan ya tafi kasuwar hatsi tun asuba. A lokacin gwaggonsa, Hajiya Babba, wadda ta raine shi tun yana ƙarami, ta zo mana kwana biyu daga Mahuta. Mace ce mai kirki, ita ta yi mini wankan jego duka biyu, ban taɓa ɗaga ido na kalle ta ba. Da hantsi ta shafa kan yaron ta yi salati. Kafin in ankara ta kwance ƙullin da ke bakin zanenta, ta kwaɓa magani a murfin kwano. Ta ce in dakata da ba shi nono zuwa yamma, cikin ya huta, haka suka yi wa uban nasa.

Na san ba daidai ba ne. Na sani sarai. Amma wallahi bakina ya yi nauyi kamar an ɗaure shi. Yaya zan ce wa wadda ta raini mijina ba ta iya raino ba? Na koma madafa na tsaya ina wanke kwanon da na riga na wanke, ina jiyo kukansa yana raguwa. Rigata ta jiƙe ta gaba. A nan tsaye na gane cewa abin da ya riƙe Delu a bakin turmi bai mutu da garinsu ba. Ilimin yana kaina, amma ba ilimi ne ya gagare ta ba tun farko, buɗe baki ne.

Na shiga na durƙusa, don ni ban kai ta ƙarfin hali ba. Na ce, "Hajiya, ki yi mini afuwa, zan ba shi nono, kuma asibiti za mu. Ki zo mu tafi tare, ke ya fi yarda da hannunki."

Ta ce yaran yanzu komai asibiti. Amma ta ɗauki mayafinta, ita ce ma ta tsayar mana da keke napep a bakin titi. Aisha, wadda ba ta wuce shekara shida ba, ta maƙale sai an tafi da ita.

Malamar asibitin ta duba idanunsa da bakinsa, ta ja fatar cikinsa ta saki, ta tambayi rabonsa da fitsari. Ta ce faɗawar maɗiga ba ciwon kai ba ne, alama ce ruwan jikin yaro ya yi ƙasa, kuma da mun kai yamma da sai an sa masa ƙarin ruwa ta jijiya. Ba ta yi wa Hajiya faɗa ba, ta dai goge maganin da auduga ta ce su ma a gidansu an yi. Ta haɗa ruwan gishiri da sukari na cikin 'yar leda, ta ba ni cokali, ta ce kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a ɗan jira a ci gaba, kuma kada a yanke nono ko kusa. Ta ba da wasu 'yan ƙwayoyi da za a riƙa jiƙa masa, ta ce mu zauna a nan tukuna ta ga yadda zai karɓa.

Muka zauna a benci. Hajiya ta karɓi cokalin daga hannuna. Ina kallon tsohuwar nan tana ɗiga masa tana kiransa maigida, sai na ga Gwaggo Yalwa da ludayinta, na ji duk wani ƙullin da ke zuciyata game da ita ya warware. Ba ƙiyayya ke sa su yin abin da suke yi ba, tsoro ne, tsoron wanda ya taɓa binne ɗa.

Har yau ina son kunya. Ina koya wa 'ya'yana su durƙusa su gaida manya, su sassauta murya. Amma na fahimci Iya ba don ta raina al'adarmu take ba mu labarin nan ba, ita da har ta mutu ba ta kama sunan babanmu ba. So take mu san akwai ranar da rai ke gaba da kunya, kuma in ranar ta zo, uwa ce kaɗai za ta iya miƙa hannu. Rai amana ce Allah ya ba mu, ita za a tambaye mu. Sunan da aka laƙa wa Delu don a kunyata ta, ni yanzu in na tuna shi addu'a nake yi mata.

Bayan azahar Sadiƙ ya fara juya kai yana lalube a jikina. Na rufa da mayafi na sa shi. Ya kama, ya saki, ya sake kamawa. Hajiya ta soma ba ni labarin wata maƙwabciyarta don ta ɗauke mini hankali, ni kuwa ba na fahimtar komai. Aisha ta sauko daga benci ta durƙusa a gabana, ta manna kunnenta a jikin mayafin. Ban taɓa ba ta labarin Delu ba, ban ma san me take nema ba. Sai ta ɗaga ɗan hannunta sama.

"Hajiya, yi shiru tukuna. Mama, kin ji? Yana haɗiyewa."